Nas Mai Tattara Shaida, da Yadda Ake Shirin Jarrabawarta

Yau filin namu zai taɓo maganar da ba mu cika son ji ba, amma tilas a yi ta, tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ina roƙon wadda ta fara karantawa ta daure ta kai ƙarshe.

Uwargida, Allah Ya kiyaye, a ce ƙaramar 'yarki ta dawo daga aike tana kuka, tana tafiya da ƙyar, kika duba kika gane wani azzalumi ya lalata ta. Me za ki fara yi? Na san amsar mafi yawanmu. Sai a ɗora ruwan zafi, a zuba bagaruwa ko gishiri a gasa ta, a wanke zane da ɗan kamfai tas, wata ma ta ƙone su don kada ido ya gani. Sa'an nan a rufe ƙofa a yi ta shawara kwana uku ko huɗu, a gaya wa maigida ko kada a gaya masa. Duk cikin ƙauna aka yi, ba wanda zai ce uwa ta yi don mugunta. Amma kafin a kai yarinyar asibiti, shaidar da za ta kama mutumin ta bi rariya tare da ruwan wanka, lokacin maganin da zai tsare ta daga cuta kuma ya wuce. Ran da aka je kotu, sai a tarar maganar 'yar shekara tara ce a gefe guda, rantsuwar ƙato da lauyansa a ɗaya gefen.

To, akwai wata irin nas wadda aka horar musamman domin waɗannan sa'o'i na farko. Tana jinyar wanda aka zalunta, babba ko yaro, mace ko namiji, kana tana tattara abin da zaluncin ya bari a jiki, ta rubuta, ta adana, in an kira ta kotu ta tsaya ta faɗi abin da idonta ya gani. Ba fyaɗe kaɗai take dubawa ba. Matar da miji ya lakaɗa wa duka, tsohon da ake azabtarwa a gida, har gawar da ba a san dalilin mutuwarta ba, duk suna cikin fanninta. Amma aikin da aka fi saninta da shi, wanda kuma jarrabawarsa ta fi suna, shi ne na waɗanda aka yi wa fyaɗe.

A Amurka aikin ya samo asali. A da, macen da aka yi wa haka takan zauna sa'o'i da yawa a sashen gaggawa, domin ana ganin wanda mota ta buge ya fi ta buƙata, likitoci da dama kuma ba sa son taɓa ta don gudun sammacin kotu. Nas-nas ne suka ce a bar musu. An buɗe shirin farko a birnin Memphis a 1976, aka biyo da na Minneapolis a 1977. A 1992 nas-nas 72 suka taru a Minneapolis ɗin suka kafa ƙungiyarsu ta duniya, a 1995 kuma babbar ƙungiyar nas-nas ta Amurka ta amince wannan fanni ne mai zaman kansa. Wata nas daga jihar Texas mai suna Virginia Lynch ita ake ɗauka uwar fannin. A 2002 aka fara jarrabawar ba da takardar ƙwarewa mai suna SANE-A, ta masu duba manya da 'yan mata da samari da suka balaga. Bayan 'yan shekaru aka ƙaro SANE-P, ta masu duba ƙananan yara.

Ba daga sakandare ake tsallakawa a zauna wannan jarrabawa ba. A tsarin da aka bi a 2024, sai wadda ta riga ta zama cikakkiyar nas mai lasisi, ta yi aikin jinya shekara 2 in ta manya za ta zauna, shekara 3 in ta yara ce. Sai ta yi kwas na aƙalla sa'a 40 a kan wannan aiki, ta koyi duba masu jinya da hannunta ƙwararriya na tsaye a kanta, kana ta nuna ta yi sa'a 300 a bakin aikin cikin shekaru 3 da suka wuce. A wancan tsarin, sau biyu ake yin jarrabawar a shekara, Afrilu da Satumba, a kan kwamfuta. Tambaya 200 ce cikin sa'a 4, kowacce da amsoshin da za a zaɓi ɗaya. Guda 150 ake ba maki, sauran 50 gwada su ake yi don gaba, mai jarrabawa kuma ba ta san wace ce wace ba, saboda haka ba wadda za ta raina. Wadda ta ci, takardar shekara 3 take yi, daga nan sai ta sake zama ko ta kawo shaidar ƙarin karatu.

'Yan makaranta, ku ɗauki alƙalami ku raba minti 240 gida 200. Daƙiƙa 72 ke nan ga kowace tambaya, har da karanta ta. Tambayoyin kuwa ba irin na "wace shekara aka yi kaza" ba ne, waɗanda ake haddacewa daren jarrabawa, ko a yi musu canki-canka. Ɗan labari ake ba ki, a ce me za ki fara yi. Bari in tsara miki misali da kaina. Mace ta zo ta ce an yi mata fyaɗe jiya da dare, mutumin kuma ya shaƙe ta, ga muryarta ta dushe, haɗiyar yawu na yi mata wuya. Za ki fara ɗaukar hoton wuyan, ko tattara tufafinta, ko kiran 'yan sanda, ko duba numfashinta ki nemo likita? Duk huɗun ayyukan nas ne, amma amsar ita ce ta ƙarshe, domin wadda aka shaƙe tana iya kumbura ta ciki bayan sa'o'i, ko da ba a ga ko ƙwarzane a wuyanta ba. Wadda ta zaɓi hoto ta manta ita nas ce kafin komai. Fiye da rabin tambayoyin ma a kan duba mai jinya ne da rubuta abin da aka gani da kula da lafiyarta. Sha'anin kotu kaso kaɗan ya samu.

Yanzu bari mu leƙa abin da take karantawa, domin a nan ne ke ma uwargida za ki tsinci na kanki.

Abu na farko lokaci ne, kuma sai ta haddace shi kamar sunan 'ya'yanta. Akwai maganin da ke tare ƙwayar cutar ƙanjamau kafin ta zauna a jiki, amma tilas a fara shansa cikin sa'a 72, watau kwana 3, a yi kwana 28 ana sha ba fashi. Wanda aka fara a ranar farko ya fi wanda aka fara a ta uku. Akwai maganin gaggawa na hana shigar ciki, wanda ke aiki cikin kwana 5, kuma ba zubar da ciki yake yi ba, hana shi samuwa yake yi. Sai maganin ciwon sanyi da danginsa, da allurar rigakafin ciwon hanta, da ta tetanas in akwai rauni. Ki lissafa da kanki, kwana huɗun nan da muke yi muna shawara a ɗaki, me suka cinye.

Na biyu shaida. Wani Bafaranshe mai suna Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin binciken 'yan sanda a birnin Lyon a 1910, shi ya kafa ƙa'idar da ake koyarwa har yau, cewa duk abu biyu da suka taɓa juna sai kowanne ya bar wa ɗan'uwansa wani abu. Mu da muke shiga kicin mun san haka, wadda ta taɓa manja ba ta musu. Azzalumi yakan bar gashi, yawu, maniyyi, zaren rigarsa, ko fatarsa a ƙarƙashin farcen yarinyar da ta yakushe shi. Tun 1984, da Alec Jeffreys ya gano a Jami'ar Leicester ta Ingila yadda ake bambance mutum da mutum ta ƙwayar halittar da ake kira DNA, ɗigo ɗaya na iya nuna mai shi. Jihar Legas ta buɗe ɗakin irin wannan bincike a 2017. Amma abin ba ya daɗewa a jiki, kwana 3 zuwa 5 ne galibi, ga ƙananan yara ma bai kai haka ba, sabulu da ruwan zafi kuwa suna iya tafiya da shi.

Saboda haka nas na koyon shimfiɗa farar takarda a ƙasa, mai jinya ta tuɓe a kai don kada komai ya ɓace. Tana koyon goge wurin da ɗan tsinke mai auduga a kai, ta bari ya bushe kafin ta rufe. Tana sauya safar hannu a kai a kai, don kada ta kwashi na nan ta kai can. Tufafi kuwa kowanne jakarsa daban, kuma ta takarda, ba leda ba, domin leda na riƙe laima, laima ta kawo fumfuna, fumfuna ta cinye shaidar. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da komai namu leda. In tsautsayi ya faɗa, kada a yi wa yarinya wanka, kada ta wanke baki, a kai ta da kayan da ke jikinta, a riƙe mata wasu na sauyawa. In an riga an cire, a naɗe su a takarda mai tsabta ko babban ambulan. In kuma an riga an yi wankan, ko kwanakin sun wuce, duk da haka a kai ta, akwai sauran abin da asibiti zai yi mata.

Akwai wani darasi da ɗalibai kan raina, alhali a kansa shari'u ke rushewa. Daga lokacin da nas ta ɗauki abu a jikin mai jinya, ba ta barinsa ko na minti ɗaya inda idonta ba ya gani, har sai ta liƙe, ta rubuta suna da rana da lokaci, ta sa hannu a kan liƙin. Duk wanda ya karɓa daga hannunta sai ya sa hannu, wanda ya karɓa daga gare shi shi ma haka, har gaban alƙali. In aka sami giɓi ɗaya, lauyan wanda ake tuhuma zai miƙe ya ce wa ya sani ko an musanya. Kamar kuɗin adashi ne, uwar adashin da ba ta rubuta wa ya zuba wa ya kwasa, ran rigima ba ta da bakin magana.

Sai rubutu, kuma a nan nake son in ɗan daɗe, domin shi ne ya fi burge ni a matsayina na malama. Ana koya wa nas ta rubuta abin da ta gani, ba abin da take zato ba. Ba za ta rubuta "an yi mata mugun duka" ba. Za ta rubuta cewa akwai kwanciyar jini a damtsen hagu, tsawonsa santimita kaza, faɗinsa kaza, launinsa kaza, ta zana a hoton jiki, in mai jinya ta yarda ta ɗauki hoto da rula a gefe. Tana bambance ƙujewa da fashewar fata da yankan wuƙa, kowanne da sunansa. In raunin a al'aura yake, da fuskar agogo take kwatanta wurin, ta ce a ƙarfe shida ko a ƙarfe uku, yadda duk likitan da ya karanta zai gane. Ba za ta dubi launin kwanciyar jini ta yanke cewa kwanansa kaza ba, domin bincike ya nuna launi ba abin dogara ba ne. Maganar yarinya kuwa da kalmominta za a rubuta, in ta ce "ya taɓa mini wajen fitsari", haka zai shiga takarda, ba a gyara mata. Ba a kuma sa mata magana a baki. Ba a cewa "Wane ne ya yi miki, ko?" Sai dai "gaya mini abin da ya faru." Iyaye mata, mu ma mu riƙe wannan, domin yarinyar da mutum goma suka titsiye da tambaya, kowa da irin tasa, kafin ta isa kotu labarin ya cuɗe, a ce ƙarya take yi.

Haka nan ba aikin nas ba ne ta rubuta "an yi fyaɗe" ko "ba a yi ba". Wannan hukunci ne, na alƙali ne. Ga kuma abin da zai ba da yawanmu mamaki. Mafi yawan yaran da aka lalata, in an duba su bayan kwanaki, ba a ganin rauni ko kaɗan, domin wurin na saurin warkewa, wani zaluncin kuma ba ya barin tabo tun farko. Rashin rauni ba ya nufin yarinya ta yi ƙarya. Duban da tsofaffi ke yi a ɗaki, su fito su ce "lafiyarta ƙalau, ba a taɓa ta ba", ba shi da tushe. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba wani dubawa da zai tabbatar ko mace ta san namiji ko ba ta sani ba, ta kuma nemi a daina gwajin budurci. Yara nawa aka ƙaryata a gidajenmu da wannan duban?

Duk wannan kuma da izinin mai jiki ake yi. Ana gaya mata kowane mataki kafin a yi, in ta ce a tsaya, an tsaya. An riga an yi mata abu da ƙarfi sau ɗaya, ba za a maimaita mata a asibiti ba.

To yaya mace mai aikin dare, ga miji ga 'ya'ya, take shirya wa wannan? Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu shirin kirki kan ɗauki watanni. Abin farko shi ne ta samo jerin fannonin da masu jarrabawa suka buga, ta zauna ta yi wa kanta gaskiya, ta sa alama a inda take da rauni. Ɗabi'ar ɗalibi ce, na gani a aji ba sau ɗaya ba, ya yi ta maimaita abin da ya riga ya iya don yana masa daɗi, ya guje wa wanda ke ba shi wuya. Nas ɗin da kullum manyan mata take dubawa, sai ta nemi babin maza da na tsofaffi da na naƙasassu. Sa'an nan ta karanta littattafan ƙa'ida na ƙasa, irin wanda ma'aikatar shari'a ta Amurka ta fitar a 2004 ta sabunta a 2013, da na yara na 2016, da jagoran maganin cututtukan saduwa na 2021. Dalili kuwa, babban tarkon da ƙwararru ke faɗawa shi ne su amsa da "haka muke yi a asibitinmu", alhali jarrabawa ƙa'idar kowa da kowa take tambaya.

Bayan karatu sai gwaji da agogo a gaba. Ta zauna ta amsa tambaya 50 cikin sa'a guda ba tashi, ta yi maki, kana ta koma kan kowace da ta faɗi ta nemi dalili. A ganina rabin sa'a kullum bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, ya fi wuni guda cur ranar hutu. Su uku ko huɗu in suka haɗu ma ya fi, wannan ta zama lauya ta yi ta ƙure waccan da tambaya, har ta saba cewa "ban sani ba" a inda ba ta sani ba, ba tare da ta ji kunya ko ta yi fushi ba. Nas a kotu ba ta ɓangaren kowa ba ce. Da zarar alƙali ya ga tana ƙara gishiri don tausayi, maganarta ta zube, yarinyar da take so ta taimaka ita ce ta yi hasara.

Akwai nauyin da ba a rubuta shi a jadawalin karatu. Wadda ta wuni tana kallon hotunan raunin yara, ta dawo gida ta tarar da nata, zuciyarta ba za ta zauna daidai ba. Har a cikin darussan an sa yadda nas za ta gane alamun wannan gajiya a kanta, ta nemi wanda za ta yi magana da shi. Maigidan da ya ɗauke mata yara na sa'a ɗaya, ko abokiyar zama da ta karɓi girki a makon jarrabawa, suna da lada a cikin aikin.

Wata za ta ce, Malama, wannan ai zancen Amurka ne. Gaskiya ne takardar tasu ce, ba a kuma neman ta kafin a ɗauki nas aiki a Nijeriya. A nan galibi likita ne ke sa hannu a rahoton da ke zuwa kotu. Amma wa ke fara karɓar yarinya a bakin ƙofa, wa ke cire mata zane, wa take iya buɗe baki ta gaya wa? Ilmin ɗaya ne, ko a Memphis ko a Malumfashi. An kuma fara. A 2013 aka buɗe cibiyar Mirabel a asibitin koyarwa na Ikeja, ita ce ta farko a ƙasar nan mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe. Kano ta sami cibiyar Waraka a asibitin Murtala, Kaduna ta sami cibiyoyin Salama, Sakkwato kuma aka buɗe ta Nana Khadija a 2020. Dokar hana cin zarafin jama'a ta tarayya ta fito tun 2015. Sai dai doka ba ta ɗaure kowa sai da hujja, cibiya ɗaya a babban birni kuma ba ta isar wa uwar da ke ƙauye, wadda kuɗin mota ma sai an yi rance. Abin da muke buƙata shi ne a kowane babban asibiti a sami mace, mai jin Hausa, wadda ta san wannan aiki, domin 'yar shekara goma sha biyu da aka tarbiyyantar da kunya ba za ta kwance zane gaban namiji baƙo ta yi bayani ba, uwarta ma sau da yawa ba za ta yarda ba.

Ke 'yar makaranta da kika ji abin ya shiga ranki, hanyar daga ajin da kike ta fara. Makarantar jinya na neman kiredit 5, Turanci da Lissafi da Fizis da Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Kada ki gudu daga ajin kimiyya don ƙawayenki sun gudu. Ki kuma kula da darasin insha'i, domin wadda ba ta iya kwatanta abin da ta gani a jimla uku masu tsabta ba, ba za ta iya rubuta rahoton da alƙali zai dogara da shi ba. Daga nan sai kwalejin jinya ko jami'a, sai jarrabawar Hukumar Nas-nas da Unguwarzoma ta Nijeriya, wadda ke ba da lasisi. In kin fara aiki, ki nemi a tura ki sashen gaggawa ko na mata ko na yara, ki kuma je cibiyar da ta fi kusa da ke ki tambayi yaushe suke horar da ma'aikata.

Ke kuma uwargida, in 'yarki ta ce jinya za ta karanta, kada aikin dare ya sa ki hana ta, a zauna da mahaifinta a tsara yadda za a yi. Kafin nan, a cikin makon nan, ki tambayi unguwarzomar asibitin shan magani na unguwarku inda ake kai irin wannan matsala a garinku, da ko suna buɗewa da dare, ki rubuta a bayan katin rigakafin yara.